Girman Ƙwayar Ƙanƙara a Cikin Gajimare: Me Ya Sa Yake Raba Kan Masu Hasashen Yanayi?

Idan dai duk kwamfutocin da ke hasashen ɗumamar duniya dokokin kimiyya iri ɗaya suke bi, me ya sa amsoshinsu suke shan bamban? Ana yawan yin wannan tambaya duk lokacin da wani sabon rahoto ya fito, kuma masu shakkar sauyin yanayi sukan kafa hujja da ita cewa masana lalube kawai suke yi a cikin duhu. Tambayar tana da tushe. A jerin samfuran lissafin da aka duba kafin rahoton shekarar 2021 na kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wato IPCC, an gwada abin da zai faru idan iskar kabon dayoksaid ta ninka sau biyu a sararin sama. Wani samfurin ya ce zafin duniya zai ƙaru da digiri 1.8 a ma'aunin Salshiyas, wani kuma ya kai har digiri 5.6. Da kwamitin ya haɗa wannan da sauran hujjoji, sai ya tsaya a kan kimanin digiri 3, tare da cewa mai yiwuwa ne ainihin adadin ya faɗa tsakanin 2.5 da 4. Mafi yawan wannan tazara daga gajimare ta fito, kuma cikin batutuwan gajimare da suka fi ba masana wahala akwai guda wanda jama'a ba su cika jin labarinsa ba, wato yadda ake gaya wa kwamfuta girman ƙwayoyin ƙanƙarar da ke shawagi a can sama.

Abin da ake nufi da samfuri, da kuma gajimaren ƙanƙara

Samfurin yanayi manhaja ce da ke yanka sararin samaniya gida-gida, sa'an nan ta lissafa yadda iska da zafi da tururin ruwa ke ƙaura daga wannan gida zuwa wancan. A samfuran da ke hango shekaru masu zuwa, faɗin gida ɗaya yakan kai kimanin kilomita 100. A na hasashen kwanaki kaɗan ya fi ƙanƙanta, domin na Cibiyar Turai ta Hasashen Yanayi, ECMWF, kusan kilomita 9 ne. Ita kuwa ƙwayar ƙanƙara da maikuron ake aunata, kuma maikuron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya. Ƙananan ƙwayoyi ba su wuce maikuron 10 zuwa 20 ba, wato ba su kai kaurin gashin kai ba, manyan kuma sukan kai milimita da dama. Babu kwamfutar da za ta bi kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya a faɗin duniya. Dole a taƙaita biliyoyin ƙwayoyi a cikin lambobi ƙalilan, kuma wannan taƙaitawar ce tushen maganar baki ɗaya.

Gajimaren ƙanƙara shi ne wanda ke can sama inda sanyi ya tsananta. Mafi shahara shi ne siras, farin gajimaren nan mai siraran zare-zare da ake gani ko da rana na haskawa, wanda yawanci yake sama da kilomita 6, a yankunan zafi kuma yakan kai kilomita 16 ko fiye. Akwai kuma shimfiɗaɗɗen saman babban hadari, wanda ke bazuwa ɗaruruwan kilomita bayan an gama tsawa. Ƙiyasi ya bambanta gwargwadon na'urar da aka yi awo da ita, amma ana sanya irin wannan gajimare a kan kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na fuskar duniya a kowane lokaci.

Yadda girma ke juya haske, da yadda yake yanke wa gajimare wa'adi

Gajimaren ƙanƙara ayyuka biyu yake yi masu karo da juna. Yana mayar da wani ɓangare na hasken rana zuwa sama, wanda hakan ke sanyaya ƙasa. Yana kuma tare zafin da ƙasa ke fitarwa, kuma tun da shi kansa yana da tsananin sanyi, ɗan abin da yake sakewa zuwa sama bai kai wanda ya tare ba. Siririn siras yakan bar hasken rana ya ratsa shi amma ya riƙe zafin ƙasa, don haka ɗumamawa ce ke rinjaye a wurinsa. Mai kauri kuwa ayyukansa biyu sukan kusa yin kunnen doki. Idan manyan adadi biyu suna soke juna haka, ɗan kuskure a ɗayansu ya isa ya juya sakamakon.

A nan girma ke shigowa. A ɗauki ƙwaya ɗaya a raba ta zuwa takwas, kowace da rabin faɗin ta farko. Nauyin ƙanƙarar bai canja ba, amma jimillar inuwar da ƙwayoyin takwas ke yi ta ninka ta farko sau biyu. Ashe gizagizai biyu za su iya ɗaukar ruwa daidai wa daida, ɗaya ya tare haske ninkin ɗayan, don kawai ƙwayoyinsa ƙanana ne. Samfurin da ya dace da yawan ƙanƙara amma ya kuskure girmanta zai kuskure lissafin zafi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a ganina, ko da yake ba a cika ambatonsa ba, shi ne saurin faɗuwa. Ƙaramar ƙwayar da ke gangarowa santimita 1 a daƙiƙa tana buƙatar fiye da kwana guda kafin ta sauko kilomita ɗaya, alhali dunƙulen dusar ƙanƙara mai saurin mita 1 a daƙiƙa bai cika minti 17 ba ya gama wannan tafiya. Idan samfuri ya ɗauka ƙwayoyin ƙanana ne, gajimaren zai daɗe, ya bazu, ya bar saman sararin da laima, ita kuma laimar ta ƙara riƙe zafi. Idan ya ɗauka manya ne, gajimaren zai zube da wuri. A shekarar 2008 Benjamin Sanderson da abokan aikinsa sun duba dubban gwaje-gwajen wani samfurin Birtaniya da jama'a suka ba da kwamfutocinsu na gida aka gudanar, suka gano cewa saurin faɗuwar ƙanƙara na cikin lambobi biyun da suka fi juya yawan ɗumamar da samfurin ke hasashe.

Ƙanƙara ba ta da siffa ɗaya

Ɗigon ruwa a cikin gajimare dunƙulalle ne, faɗinsa kaɗai ya isa ya bayyana shi, kuma tun 1908 Gustav Mie ya fitar da lissafin yadda haske ke watsuwa idan ya faɗa kan abu mai irin wannan siffa. Ƙanƙara ba ta da wannan sauƙi. Ukichiro Nakaya na Jami'ar Hokkaido a Japan, wanda ya fara ƙera ƙwayar dusar ƙanƙara a ɗakin gwaji a 1936, ya nuna cewa sanyi da laima ne ke zaɓar siffa: faranti mai kusurwa shida a kusa da digiri 2 ƙasa da sifili, allura ko sanda a kusa da 5, mai rassa kamar tauraro a kusa da 15. A 1966 Magono da Lee sun kasa siffofin gida 80. Daga baya hotunan da jiragen bincike suka ɗauko sun nuna cewa kyawawan siffofin nan su ne marasa rinjaye, domin yawancin ƙwayoyin da ke cikin gajimare na gaske karkatattu ne, masu kaushi, ko kuma haɗakar sanduna da dama da suka tsiro daga cibiya ɗaya. Akwai shaidar da ido ke gani: zoben hasken da kan kewaye rana ko wata a nisan digiri 22 na ma'aunin kusurwa sai da ƙwayoyi masu santsi da kusurwa shida yake fitowa, kuma da haka yawancin ƙanƙara take, da kusan kowane siras ya zo da zobensa.

To idan an ce girman sanda mai tsawon maikuron 300 da kaurin 50, wace lamba za a rubuta? Mafitar da aka fi bi ita ce a raba jimillar jikin ƙanƙarar da jimillar inuwar da take yi, a sami wani tsayi guda wanda za a iya kira girman da haske ke gani. James Hansen da Larry Travis ne suka daidaita wannan ma'auni a 1974 domin ɗigo masu siffar ƙwallo, daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da ƙanƙara. Matsalar ita ce masana sun faɗaɗa shi ta hanyoyi daban-daban, har ya zama lamba 30 a wani samfuri ba ita ce lamba 30 a wani ba. Ban da haka, girman da haske ke gani dabam yake da girman da ke yanke saurin faɗuwa, wanda manyan ƙwayoyi masu nauyi ke rinjaya, shi ma dabam yake da wanda rada ke gani, wato na'urar da ke aika igiyar rediyo ta saurari amsa-kuwwarta.

Abin da ke sa ƙwayoyi su fito manya ko ƙanana

Ruwa mai tsabta a cikin gajimare ba ya daskarewa a sifili. Ɗigo yana iya zama ruwa har sanyi ya kai kusan digiri 38 ƙasa da sifili, a nan ne yake daskarewa da kansa. Kafin a kai wannan matsayi sai an sami wani ɓurɓushi da ƙanƙara za ta kama ta tsiro a kansa, kamar ƙurar hamada, musamman mai ma'adinin felsfa wanda masu bincike a Jami'ar Leeds suka nuna ƙarfinsa a 2013, ko wasu ƙwayoyin bakteriya da ke iya daskarar da ruwa a ɗan sanyi kaɗan. Irin wannan ɓurɓushi ba shi da yawa a sama.

Hanyoyin biyu gajimare iri biyu suke haifarwa. Idan ƙura ce ta fara aiki, ƙwayoyi kaɗan ne ke tsirowa, su shanye tururin da ke kewaye, su yi girma, su faɗo. Idan babu ƙura kuma iska na hawa da sauri, laima kan taru har ta wuce ƙa'ida da kusan rabi, sa'an nan ɗimbin ɗigo su daskare a lokaci guda, a sami ƙwayoyi ɗaruruwa ko dubbai a lita ɗaya ta iska, dukansu ƙanana. Abin da ke zaɓar hanya shi ne saurin hawan iska a 'yan ɗaruruwan mitoci, wanda gida mai faɗin kilomita 100 ba ya gani sam. Bayan haihuwa ma ƙwayoyi na mannewa da juna, suna tara ruwa mai daskarewa a jikinsu, suna kuma farfashewa. John Hallett da Stanley Mossop sun nuna a 1974 cewa tsakanin digiri 3 da 8 ƙasa da sifili ƙanƙara na tartsatsa ƙananan ɓaraguzai da ke zama sababbin ƙwayoyi, kuma har yanzu ana gardama kan sauran hanyoyin wannan hayayyafa.

Yadda samfura ke ɗaukar wannan nauyi

Samfuran farko lamba ɗaya tak ta girman ƙwaya suke ba dukan gajimaren ƙanƙara na duniya. Daga baya aka lura cewa ƙwayoyi sun fi ƙanƙanta inda sanyi ya fi tsanani, sai aka ɗaure girma da ma'aunin zafi, wasu kuma suka ƙara da yawan ƙanƙarar da ke wurin, kamar ƙa'idar Sun da Rikus ta 1999 wadda ECMWF ta ɗauka. Wannan hanya tana da arha, kuma ta yi hidima, amma tana da rauni babba idan maganar sauyin yanayi ake yi: an gina ta ne a kan gizagizan da aka auna a yau, saboda haka tana ɗauka cewa dangantakar sanyi da girma za ta tsaya yadda take ko da ƙura da hayaƙi da ƙarfin hadari sun canja.

Mataki na gaba shi ne a sa samfuri ya lissafa abu biyu, nauyin ƙanƙara da kuma adadin ƙwayoyi, ta yadda girma zai fito da kansa daga rabon na farko da na biyu. Tsarin Hugh Morrison da Andrew Gettelman na 2008, wanda ya shiga samfurin cibiyar NCAR ta Amurka, misali ne. Sai dai tsofaffin tsare-tsare sun gaji wata al'ada ta kasa ƙanƙara aji-aji, ƙanƙarar gajimare dabam, dusar ƙanƙara dabam, ƙanƙara mai tauri dabam, tare da wata iyaka ta 'yan ɗaruruwan maikuron wadda idan ƙwaya ta haye ta sai a sauya mata aji, saurin faɗuwarta ya yi tsalle nan take. A cikin gajimare babu wannan iyaka, masu rubuta manhaja ne suka ƙirƙire ta. A 2015 Morrison da Jason Milbrandt na Kanada sun fito da tsarin P3 wanda ya rushe azuzuwan, ya bar halayen ƙwaya su riƙa canjawa sannu a hankali. Akwai kuma tsarin da ke kasa girma zuwa gomman rukunai yana bin kowanne, amma tsadarsa ta hana a yi amfani da shi a hasashen duniya na shekaru ɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin jituwa a cikin samfuri ɗaya. An daɗe ana rubuta sashen da ke lissafa girma da faɗuwar ƙwayoyi a wani ɗaki, sashen haske da zafi a wani, har ya kasance na farko yana ɗaukar ƙanƙara a matsayin dunƙulen dusa, na biyu kuma yana ɗaukarta a matsayin sanda mai santsi da wani girma dabam. Gajimare ɗaya, bayani biyu. Anthony Baran da abokansa a Ofishin Yanayi na Birtaniya sun yi aikin haɗa sassan biyu su dogara da bayani ɗaya, kuma wannan ce alƙiblar da ta dace, ko da kuwa sakamakon farko ya fi muni saboda kurakuran da ke rufa wa juna asiri sun fito fili.

Awon ma yana da nasa ciwo

Mai karatu zai ce ai sai a hau sama a auna. An hau, kuma a nan aka gamu da darasi mai ɗaci. Jirgin bincike yana ratsa gajimare da saurin da ya wuce mita 100 a daƙiƙa, kuma manyan ƙwayoyi na bugun bakin na'urar awo su tarwatse, na'urar kuma ta ƙirga ɓaraguzan a matsayin ƙananan ƙwayoyi na halitta. An yi shekaru ana gina ƙa'idoji a kan waɗannan alƙaluma. A 2011 Alexei Korolev na hukumar muhalli ta Kanada da tawagarsa sun ɗaura na'ura mai tsohon baki da mai gyararren baki a jirgi ɗaya, suka nuna cewa kaso mai yawa na ƙananan ƙwayoyin da ake ƙirgawa na'urar ce ta haife su. Yanzu ana gyara bakin, ana kuma tace ɓaraguzai ta hanyar duba yadda suke isowa a cunkushe, amma awon ƙwayoyin da ba su kai maikuron 100 ba har yau da sauran aiki.

Taurarin ɗan'adam sun cike wani giɓi. CloudSat mai rada da CALIPSO mai hasken leza, waɗanda aka harba tare a Afrilun 2006, sun yi aiki har 2023 suna yanka gajimare daga sama zuwa ƙasa. Rada manyan ƙwayoyi take gani, domin idan faɗin ƙwaya dunƙulalliya ya ninka sau biyu amsa-kuwwarta na ninkawa sau 64, leza kuma inuwa take gani, saboda haka haɗa su ke ba da ƙiyasin girma. Duk da haka kowane ƙiyasi sai an fara zaton siffar ƙwayar. Girman giɓin ya fito a binciken Duane Waliser da abokansa na 2009, wanda ya nuna cewa samfurin da ya fi zuba ƙanƙara a sama ya ninka wanda ya fi ƙaranci kusan sau 20.

Gardamar daidaita lambobi

Tun da awo bai yanke hukunci ba, masu gina samfura sukan motsa saurin faɗuwa ko iyakar sauya aji, a cikin tazarar da awo ya yarda da ita, har sai zafin da ke shiga duniya da wanda ke fita sun dace da abin da taurari suka gani. Masu suka na cewa wannan gyara amsa ne. Masu ginawa na cewa babu makawa, kuma gara a yi shi a fili a rubuta. Gaskiya tana tare da na biyun, amma na farkon sun taɓo wani abu na haƙiƙa: samfura biyu za su iya dacewa da yanayin yau ta hanyoyi mabambanta, ɗaya da ƙanƙara mai yawa mai manyan ƙwayoyi, ɗaya da 'yar kaɗan mai ƙanana, sa'an nan su rabu idan duniya ta ɗumama. Abin da masu suka suka kuskure shi ne zaton cewa rashin tabbas yana nufin sauƙi. Babu samfurin da ya ce ba za a ɗumama ba, kuma gyara yakan tafi ta ɓangaren da ba a so. A 2016 Ivy Tan da Trude Storelvmo da Mark Zelinka sun nuna cewa samfura na daskarar da ruwan gajimare fiye da kima, kuma da aka gyara rabon ruwa da ƙanƙara ya dace da awon tauraro, ɗumamar da samfurin ke hasashe ƙaruwa ta yi.

Inda batun ke taɓa rayuwar jama'a

Kaso mai yawa na ruwan saman da ke sauka a kan tudu, har a yankunan zafi, a matsayin ƙanƙara ya fara kafin ya narke a hanya. Saboda haka girman da samfuri ya zaɓa yana shafar inda zai ce ruwa zai sauka, da ƙarfinsa, da kuma ko hadari zai juye a wuri ɗaya ko ya bazu. Yana shafar hasashen zafin dare da rana, da wutar da faifan sola za su samar.

Ga jiragen sama maganar ta rai ce. A saman manyan hadura akwai wuraren da ƙananan ƙwayoyi ke cunkushe, waɗanda radar matuƙi ba ta nuna su sosai saboda ƙanƙantarsu, amma suna iya taruwa a cikin inji ko su toshe bututun awon gudu. Toshewar irin wannan bututu ce ta fara jerin abubuwan da suka kai ga faɗuwar jirgin Air France 447 a Tekun Atlantika ranar 1 ga Yunin 2009, inda mutum 228 suka rasu. Jiragen bincike sun je Darwin ta Ostiraliya a 2014 da Cayenne ta Giyanar Faransa, a Kudancin Amurka, a 2015 domin auna waɗannan gizagizai. Su ma jiragen suna ƙera nasu gajimaren, wato farin layin da suke bari a baya, wanda ƙwayoyinsa ƙanana ne masu yawa. Wani babban nazari na 2021 ƙarƙashin David Lee ya ƙiyasta cewa ɗumamar da wannan gajimare ke jawowa ta fi ta kabon dayoksaid ɗin da jirage suka tara, amma da tazarar rashin tabbas mai faɗi, kuma a kan wannan lissafi ake muhawarar ko a riƙa karkatar da hanyoyin jirage.

Akwai ma masu shawarar a sirantar da siras da gangan, kamar yadda David Mitchell da William Finnegan suka kawo a 2009, ta hanyar watsa ɓurɓushin da zai sa ƙwayoyi su fito kaɗan, manya, su faɗo da wuri. Gwajin samfura ya nuna cewa idan aka zarce kima sakamakon juyawa yake yi ya ƙara zafi. Ban ga hikimar taɓa gajimare na gaske ba alhali ba a gama sanin ta wace hanya yawancin ƙwayoyinsa suke haihuwa ba.

Sabon awo ya fara isowa. Tauraron EarthCARE na Turai da Japan, wanda aka harba a Mayun 2024, yana ɗauke da radar da ke auna motsin ƙwayoyi sama da ƙasa daga sararin samaniya, wato saurin faɗuwar da aka daɗe ana daidaitawa da hannu zai sami abin gwadawa a faɗin duniya. Turai ta kuma tanadi wata na'ura ta musamman domin gajimaren ƙanƙara a sabon jerin taurarin MetOp, mai aiki da zangon igiyoyi daga gigahaz 183 zuwa 664, zangon da ya fi jin matsakaitan ƙwayoyin da suka yi wa rada ƙanƙanta, a cikin gajimaren da ya yi wa leza kauri.